Darussan da na koya a ɗaukar hoton wata

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu koyon ɗaukar hoton wata guda ɗaya ne, kuma ni ma bai tsallake ni ba: ɗora wa lensi laifin da ba nasa ba. Mutum zai auna kyamara ga farin wata daren sha huɗu, ya danna, hoto ya fito fari fat kamar ƙwan lantarki, ba rami ba tabo. Sai ya yanke hukunci cewa lensinsa ne ya gaza. Washegari yana shagon kayan hoto, a can kuwa ba a rasa mai zaro masa dogon kwalin nan mai rubutun 650-1300mm, yana cewa da wannan har duwatsun wata za ka ƙirga. Mai shagon ya san abin da yake sayarwa, ya kuma san mai saye bai sani ba. Wannan cutar ce har yau take ci mini rai.

Alhali matsalar ta haske ce. Wata dutse ne da rana take haskawa, don haka hotonsa kamar hoton da aka ɗauka da rana ne ko da tsakar dare aka ɗauka. Idan aka bar kyamara a kan oto, baƙin sararin da ya kewaye shi take aunawa, ta zaci duhu ne, ta wangale ƙofar haske ta jinkirta rufewa, watan ya ƙone. Gyaran bai kai naira ɗaya ba. A koma manuwal, a sa ISO (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) a 100, ƙofar haske f/11 (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana tsukewa), sauri 1/100 na daƙiƙa. Wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar masu hoto ga cikakken wata. Rabin wata ya fi buƙatar haske, sai a fara daga f/8, 1/125 da ISO 200, a duba allo, a ƙara ko a rage. A riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma gara hoto ya ɗan yi duhu da ya ƙone, domin wurin da ya ƙone ba manhajar da za ta dawo da shi.

Shi kuwa wancan dogon lensi, ga abin da ba a faɗa wa mai saye. Ba ya magana da kyamara ko kaɗan, da zoben haɗi ake ɗaura shi. Ba ya saita kansa. Ƙofar haskensa ba ta canzuwa da hannu: f/8 ce a 650mm, tana komawa f/16 idan an ja shi zuwa 1300mm. Gilasan cikinsa marasa inganci ne, shi ya sa gefen wata yake fitowa da zobe mai ruwan shuni, tsakiyar kuma dishi-dishi. Ga tsawo ga rashin ƙwari, iska kaɗan ta ishe shi rawa. Sannan wata ba ya jira: saboda juyawar duniya, cikin kamar minti biyu yake gusawa da faɗin kansa a sama, to a 1300mm kafin ka gama laluben saiti ya fara ficewa daga allo. Hoto ya yi girma, amma girman banza.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a ciro kuɗi mai sauƙi ne. Faɗin wata a sama kusan rabin digiri ne. Ka raba tsawon lensi da 110, abin da ya fito shi ne faɗin watan da milimita a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Lensin 55mm da yake zuwa da kyamara rabin milimita yake bayarwa, 300mm kuma 2.7, 600mm kusan 5.5. A kyamara mai ƙaramar sensa ta APS-C da megafiksel 24, wato watan zai kai fiksel kamar 130 a 55mm, 700 a 300mm, 1,400 a 600mm. Fiksel 700 masu kaifi sun isa a ga ramin Tycho mai faɗin kilomita 85 da shimfiɗar nan mai duhu ta Mare Tranquillitatis, inda kumbon Apollo 11 ya sauka a 1969. Saboda haka 70-300mm na hannu mai lafiya, ko 55-250mm na Canon, ya fi wancan dogon nesa ba kusa ba. Mai hali ya nemi 150-600mm na Sigma ko Tamron, ko 200-500mm na Nikon. Wanda wata kaɗai ne burinsa, kyamarorin Nikon Coolpix P900 da P1000 suna cika allo da shi ba tare da sayen lensi daban ba, sai dai sensarsu ƙarama ce, ba ta jure ISO mai yawa.

Ko lensi mai tsada, kada a amince da alamar nesa (∞) da ke jikin zoben saitinsa, yawancinsu suna wuce ta. A kunna kallon allo, a ƙara girma sau goma a kan bakin wani rami, a juya zoben saiti a hankali har ya fito tsaf, sannan a cire hannu. A ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, a kashe na'urar hana rawa, a sa jinkirin daƙiƙa biyu don danna maɓalli kada ya girgiza ta. Mafi yawan lensuna sun fi kaifi tsakanin f/8 da f/11. Bayan f/16 hoto laushi yake yi.

Daren sha huɗu, wanda kowa ke rububi, shi ne mafi ƙarancin armashi. Rana tana dukan watan gaba da gaba, babu inuwa, ramuka sun ɓace. Daga bakwai ga wata zuwa goma ake samun hoto, a kan iyakar haske da duhu, inda kowane tudu yake jan doguwar inuwa. Wajen tara zuwa goma ramin Copernicus yake bayyana a wannan iyakar, kuma wanda ya gan shi sau ɗaya ta 300mm ba zai sake cewa lensinsa ya gaza ba.

Sauran darussan gajeru ne. A jira wata ya ɗaga sama sosai, don na kusa da ƙasa ta cikin iska mai kauri ake hangensa. Kada a auna ta saman rufin kwano da ya sha rana, hucinsa yana sa hoto rawa kamar ruwa. Hazon hunturu yana cinye kaifi, kuma canza lensi a waje a lokacin yana cika sensa da ƙura. Daren da ruwa ya ɗauke a damina ya fi kowane dare tsabta. Gilashin ƙari, wanda ake sawa don ƙara tsawon lensi, na 1.4x yana cin rabin haske, na 2x kashi uku cikin huɗu, kuma yana ƙara girman aibin lensi tare da girman wata. A ɗauki hoto hamsin ko ɗari, a haɗa masu kyau su zama hoto ɗaya da manhajar AutoStakkert ko RegiStax, duka kyauta ne.

Jinjirin wata nasa daban ne. Yana ƙasa a yamma bayan magariba, lokacinsa kaɗan, don haka a kafa kaya tun rana ba ta faɗi ba, amma kada a taɓa auna dogon lensi ga ranar. Idan ana son ɓangarensa mai duhu ya fito, wanda hasken da ke tashi daga duniya yake ɗan haskawa, a ƙara ISO zuwa 800 ko 1600 maimakon jan lokaci. A 300mm, duk abin da ya wuce rabin daƙiƙa tafiyar watan za ta goge shi.