Alƙalin wasan besbol da iyayen yara a Detroit

Ɗana ne ya shigar da ni harkar besbol, ban je Amurka da niyyarta ba. Da muka zauna a gefen birnin Detroit, duk yaran layinmu suna cikin gasar unguwa, shi ma ya nace sai an saka shi. Tun daga nan yammacin bazara a bakin fili nake yin sa, kan bencin ƙarfe.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne alƙalin. Yana duƙe a bayan mai cafe ƙwallo, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da sulke, kuma kowace jifa sai ya yanke hukunci a kanta: ta bi ta inda ya dace, tsakanin gwiwar mai duka da ƙirjinsa, ko ta kauce? Ba layi aka zana a iska ba, idonsa ne ma'auni. A gasar manya ƙwallon kan wuce gudun mil 90 a awa.

Musu da alƙali a nan al'ada ce mai tsarinta. Koci zai fito daga rumfa, ya tsaya hanci da hanci da shi, ya yi ta zuba, wani har ya shuri ƙasa. Alƙali ya ɗaga hannu ya nuna masa hanya, shi ke nan an kore shi. Bobby Cox, tsohon kocin Atlanta Braves, sau 162 aka kore shi, ba wanda ya kai shi. Amma hannu ba ya kai wa jikin alƙali. Wanda ya taɓa shi, dakatarwa da tara ke jiransa. Ni da na taso a filayen ƙwallon ƙafa inda wani lokaci sai 'yan sanda sun raka alƙali ya fita, wannan iyakar ta burge ni ƙwarai.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ba ni labarin 2 ga Yuni, 2010. Armando Galarraga, ɗan Benezuwela mai jifa wa Detroit Tigers, ya fitar da masu dukan Cleveland 26 a jere, saura mutum ɗaya ya kafa tarihin gama wasa ba tare da ko ɗayansu ya samu wucewa ba. Sai alƙali Jim Joyce ya ce na 27 ya riga ƙwallo isa zangon farko, wato wurin da mai duka ke rugawa ya tsira bayan ya doki ƙwallo, alhali bai riga ta ba. Galarraga murmushi kawai ya yi, ya koma ya ci gaba da jifa. Da Joyce ya ga bidiyo, da kansa ya nemi gafarar Galarraga. Washegari Galarraga ne ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa, Joyce na share hawaye. Dattijon nan har yau in yana faɗa sai muryarsa ta yi rawa.

Shi ya sa abin da nake gani a wasan yara ke min ciwo. Alƙalan galibi samari ne 'yan sakandare masu neman na kashewa. Sai ka ga magidanci da furfurarsa ya riƙe wayar shingen fili yana ta yi wa yaro ɗan shekara 15 tsawa. Ran nan ɗana ya ce min, “Baba, wanda ya yi mana alƙalanci jiya ya ce ya bari.” Yayan abokinsa ne.

Masu shirya gasar sun aiko saƙo suna neman iyaye da za su koyi alƙalanci. Na ba da sunana, za a fara horon kafin kakar baɗi.