Sitiyarin tsohuwa

Tun ranar Asabar da aka sa wa tsohuwar motata sababbin sifirin nake tuƙi da sitiyari a karkace. Motar tana tafiya sak, ba ta ja gefe, amma sai na karkatar da sitiyarin hagu kafin ta miƙe. Abin bai taka kara ya karya ba, amma kwana huɗu ke nan yana cin raina.

Da safe na biya na ɗauki Kawu, muka tafi wurin masu alaimen, wato masu saita tayoyi. Yaron da ke kan na'ura ya duba ya ce tayoyi lafiya lau. Sai ya ɗauko sufana zai kwance notin tsakiya, ya zare sitiyarin ya mayar da shi a miƙe. Aikin minti biyar ne, in ji shi.

Kawu ya dafa masa hannu. "Dakata, ɗana. Ka ƙirga juyinsa tukuna?"

Ya sa na murɗa har ƙarshe dama, na dawo har ƙarshe hagu, muka raba juyin biyu, ya ja layi da alli. Ashe sitiyarin yana tsakiyarsa daidai, tayoyin ne suka kauce masa. Nan Kawu ya tsuguna ya jawo yaron ƙarƙashin mota. Land Cruiser 80 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a 1990, akusul ɗinta na gaba, wato abin da ke ɗauke da tayoyin gaba, ƙarfe ne guda ɗaya. Ya nuna masa sanduna biyu: ɗaya ta haɗa tayoyin biyu, ita ke riƙe da yadda suke kallon juna, ɗayar kuma ta taso daga akwatin sitiyari. Da sifirin suka ɗaga motar inci 2, akusul ya ɗan zame gefe, tsawon sanda ta biyun bai ƙara dacewa ba.

"To Baba, ai duk ɗaya ne, in dai ya miƙe."

"Ba ɗaya ba ne. Haƙoran akwatin nan a tsakiya suka fi kamawa. In ka juya sitiyarin a sama, mai mota zai riƙa tafiya akwatin yana gefe, ya ji wasa a hannu, motar ta yi ta yawo a kan titi. Ido kawai ka gyara wa."

Yaron bai yi musu ba, kuma na ji daɗin haka. Muka sassauta maɗaurin sandar, muka juya ta kaɗan, na zaga na dawo. Ya wuce. Muka rage. Karo na biyu ya zauna cif. Ɗayar sandar ba mu taɓa ta ba, sai dai Kawu ya ƙi yarda da na'ura ita kaɗai, ya auna da tef: gaban tayoyin ya fi bayansu matsewa da milimita 2.

  

Abin da ya hana ni barci daban ne. Lokacin kwance maɗaurin, Kawu ne ya fara kama sufana. Ya ja sau uku, notin bai motsa ba, hannunsa yana rawa. Mutumin da a gabana ya sha sauke akwatin giyar mota shi kaɗai. Bai ce komai ba, ya miƙo mini sufanar yana kallon wani wuri. Da muna dawowa na tambaye shi ko zai karɓi tuƙin ya ji yadda ta koma, ya ce a'a, daga kujerarsa ma yana ji.