Ranar da Aka Buɗe Kan Injina

Asabar, da dare.

Na wanke hannu sau uku, har yanzu warin baƙin mai nake ji. Tun ƙarfe 7 na safe nake gareji, motar kuma can za ta kwana.

Injin tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai silinda 4, lita 1.8, wata huɗu ke nan da aka ɗora mini shi. Irin wannan injin ba wanda zai faɗa maka wahalar da ya sha kafin ya zo hannunka, ko tsawon zaman da ya yi a ajiye. An wanke shi fes, ya tashi da bugu ɗaya, na biya. Ranar Laraba ina tafiya na ga allurar zafi ta haura rabi tana neman ja. Na gani da idona. Na ce saura kaɗan in isa, bari in lallaɓa. Wannan lallaɓawar ce ta kai ni gareji yau.

Oga, babban makanikin garejin, bai taɓa sifana ba sai da ya gama bincike. Ya buɗe murfin lagireto injin na sanyi, ya cika ruwa, ya ce in tayar. Nan take kumfa ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar wani na hura iska ta tiyo daga ƙasa. Ya juya murfin baƙin mai, sai ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki. Da ya ciro fulogi huɗun ya jera su, uku sun yi duhu yadda aka saba, na silinda ta 3 kuwa tas kamar sabo. Har na yi murna, na ce ga guda mai lafiya. Ya yi dariya.

"Malam, ai shi ne mara lafiyar. Tururi ne ya wanke shi. Ruwa na shiga nan."

Kwancewa ba ta da labari mai yawa. An zubar da ruwa da mai, an cire wayoyi da tiyo-tiyo, an sa alama a sarƙar tayimin, mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, kafin a taɓa ta. Kusoshin top silinda, wato kan injin da ke rufe silindodi, guda 10 ne, Oga ya sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Da aka ɗaga top ɗin na ga gasket ɗin da ya hana ni barci: faifan ƙarfe ne siriri mai hawa-hawa, aikinsa ya raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa. A bakin silinda ta 3 akwai wani baƙin layi, bai kai faɗin farce ba, ya miƙe zuwa ramin ruwa. Iyakar ɓarnar ke nan a ido.

Yaron Oga ya ɗauko samfefa zai goge top ɗin a mayar. Ni ma, gaskiya, haka na so, don in tafi da motata da wuri. Oga ya ce ya ajiye. Ya kawo wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a fuskar top ɗin, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, yana cusa siraran ganyen awo a ƙarƙashi. Littafin injin ya yarda da lanƙwasa ta milimita 0.05 kawai. A tsakiya ganyen 0.10 ya wuce sumul. Ya miƙo mini ya ce in gwada da kaina, na gwada, na yi shiru. Top ɗin alminiyam ne, idan ya sha zafi fiye da kima yakan bankare, kuma sabon gasket ba ya cike wannan giɓin. Dole aka kai wa masu injin daidaita fuska, tare da gargaɗin su ɗebe kaɗan, don in aka ci da yawa matsin silinda zai ƙaru, tayimin ma ya ɗan goce.

Awa uku muka jira, kuma a nan ne aka gano mai laifin. Oga ya ce gasket ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ya sa injin ya yi zafi tun farko. Fanka na aiki, famfon ruwa lafiya. Ya ciro tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, ya jefa a gwangwanin ruwa bisa wuta. A jikinsa an rubuta 82, wato a wajen digiri 82 ya kamata ya fara buɗewa. Ruwa ya tafasa yana ɓararraka, shi ko gezau. Ya cije a rufe, ruwan injin bai samu zagayawa lagireto ya huce ba.

Yaron ya ce a jefar da shi kawai a bar wurin haka, ai da yawa haka suke yi. Oga ya harare shi. Ya ce injin da ba tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur tana zaton har yanzu da sanyi, ringi kuma na cinyewa a hankali. Sannan ya juyo kaina, ya nuna tsatsa da dattin da suka taru a hanyoyin ruwa.

"Me kake zubawa?"

Na ce ruwan famfo. Bai ce komai ba, ya girgiza kai, abin ya fi zagi ciwo.

Ɗaurewar ce ta fi burge ni. Ya busar da kowane ramin kusa, domin ruwa ko mai in ya kwanta a ƙasan rami, kusa na sauka za ta matse shi, yana iya tsaga bulok, wato gangar jikin injin. Kusoshi sababbi ya sa, don irin waɗannan suna miƙewa idan aka ɗaure su. Gasket ya shiga a bushe, ba gam ko ɗigo. Ya fara daga tsakiya yana fita gefe, da sifanar awo, har ta yi ƙas a 49, ƙarfin ɗaurin da aka saita mata. Daga nan ya ɗiga fenti a kan kowace kusa, ya ƙara mata juyi na digiri 90, yana kallon ɗigon. Yaron ya yi magana a lokacin, Oga ya ce masa in ya sake buɗe baki daga farko za a koma.

Wajen ƙarfe 6 aka tayar. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, aikin banza. Oga ko a jikinsa, ya ce ruwan da ya kwanta a salansa ne ke ƙonewa. Bayan kamar minti 10 hayaƙin ya ɗauke. Allura ta tsaya ƙasa da rabi, fanka ta kama, ta saki, ta sake kamawa.

Na miƙa hannu in karɓi makulli, Oga ya zura shi a aljihu. Sai da safe, in injin ya huce, zai duba ruwa ya fitar da sauran iska, kuma ya ce in dawo bayan mako a sake canja mai. Tsohon gasket ɗin na taho da shi a leda, ga shi nan a kan tebur, ya ɓata mini takarda ɗaya.