Asabar ɗin da na kai fuskata Agege da Lekki

Ƙarfe goma da rabi na dare. Ƙafafuna sun kumbura, kaina yana sarawa, amma in ban rubuta yanzu ba gobe rabin zancen zai zube.

Saura kwana 23 a ɗaura mini aure, kuma tabon nan na kumatun hagu yana nan daram kamar an ɗiga tawada. Tun watan jiya gidanmu ya rabu biyu a kansa. Umma da Gwaggo suna bayan dilka: abin da aka yi musu, aka yi wa Yaya, shi za a yi mini. Ƙawata ta wurin aiki kuwa kullum sai ta turo mini bidiyon Instagram, wata kwance an rufe mata ido ana yawo da ƙarfe a fuskarta, ta tashi tana sheƙi kamar tangaran. Yau na ce gani ya kori ji. Na roƙi Yaya ta raka ni duka wuraren biyu.

Da Hajiya mai dilka muka fara, tunda a nan Agege take, tafiyar ƙafa ce daga gidanmu. 'Yar Maiduguri ce, kuma tun daga bakin lungu hancinka zai gaya maka ka iso. Turaren wuta, humra, ƙanshin sukari da ke dahuwa da lemon tsami. Amare biyu na tarar a ɗakin, ɗaya an lulluɓe ta da bargo a kan kujerar turare sai gumi take, ɗayar an shafe ta da kurkum ta koma ruwan ɗorawa tun daga wuya har ƙafa tana danna waya abinta. Hajiya ta zayyana mini yadda satin yake tafiya: ranar farko halawa, a cire gashi da dattin da ya kwanta, sannan dilka kullum ana murzawa har matacciyar fata ta mirgine ta faɗo, a bi da kurkum, a rufe da turare. Ta ce sana'ar daga Sudan ta biyo ta Barno, ita ma wurin kakarta ta gada.

Sai ta ce in matso kusa da taga. Ta ɗaga haɓata, ta shafa kumatuna da bayan yatsa, ta yi shiru.

"'Yata, wane mai kike shafawa?"

Na ce man kaɗe.

"Man kaɗe ba ya fito da jijiya a kumatu, amarya. Gaya mini gaskiya."

Yaya ta juyo tana kallona. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata takwas ke nan ina shafa wani haɗi da na saya a hannun wata mata ta WhatsApp, roba fara ba suna ba lamba, wai na goge tabo ne. Farko fuskata ta yi fes, har ana tambayata sirrin. Daga baya in na shiga rana sai ta yi ja tana raɗaɗi, in na yi kwana biyu ban shafa ba ƙuraje su feso. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Cewa ta yi jiki za ta gyara mini son raina, amma fuska ba za ta sa mata halawa ba, ba kuma za ta murje ta ba, don fatar da ta sha haɗi ta yi laushin takarda. Ta ce ta taɓa ganin amaryar da halawa ta ɗago mata fatar goshi ana saura kwana huɗu biki, ba ta son ta sake gani. Mai sana'a ta ga kuɗi a gabanta ta ce a'a. Ban saba ganin haka a Legas ba.

Daga nan muka kama hanyar Lekki. Yaya ba ta ce mini uffan ba har muka hau gadar Third Mainland, inda muka tsaya cak ga ruwan sama ga cunkoso, gidajen Makoko suna ƙasa cikin hayaƙi. Can ta ce, "Ke da nake cewa hasken amarci ne." Muka fashe da dariya, direba yana leƙenmu ta madubi.

Wurin na Lekki wata duniya ce. Sanyin na'ura, farin fenti, ba ƙanshin komai. Kafin kowa ya taɓa ni sai da na cike takarda shafi biyu, kuma tambaya ta huɗu ita ce ko na taɓa amfani da man ƙara haske. Na ce yau dai asirina ba shi da wurin ɓuya. Likitar fatar Bayerabiya ce, ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, tana jin Hausa daidai gwargwado, da ta ga Yaya da hijabi sai ta gaishe mu da "sannunku da zuwa".

A nan na gane cewa abin da ƙawata take kira "injin" ba abu ɗaya ba ne. Akwai HydraFacial, wanda yake zuƙe datti daga ramukan fata yana zuba mata ruwan magani. Shi ne mai sheƙin nan na bidiyo, amma ta ce sheƙin na 'yan kwanaki ne, ba ya tumɓuke tsohon tabo. Akwai mai ƙananan allurai da ke huda fata don ta farka ta ƙera sabon kolajin, sinadarin da ke cika fata ya ɗaure ta, ya fi amfani ga ramukan da ƙuraje suka bari. Akwai fitila mai shuɗi da ja, shuɗin yana rage ƙwayoyin cutar da ke hura ƙuraje. Sai uban gayyar, lesa, wanda shi na zo nema.

Yadda ta bayyana shi ya zauna mini. Hasken lesa launi yake farauta. A farar fata, baƙin tabo shi kaɗai ne baƙi, hasken ya tafi kansa kai tsaye. Mu kuwa duk fatar cike take da melanin, sinadarin da ya ba mu launinmu, don haka in aka yi kuskuren na'ura ko aka ƙara mata ƙarfi, fatar gaba ɗaya za ta sha zafin, ta ƙone, ta warke da tabon da ya fi na farko duhu. Ta nuna mini wani jadawali da wani likitan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da shi a 1975, wanda yanzu ya kasa fatar mutane gida shida gwargwadon yadda take amsa rana. Ta ce ni ina gida na biyar, duk da aikin da haɗi ya yi. Ga irinmu, lesar da ake kira Nd:YAG mai tsawon zangon haske nanomita 1064 ita ce mai sauƙin haɗari, domin haskenta yana wuce saman fata ya shiga ciki. Wata na'urar haske da ake kira IPL kuwa ta ce in na ga an nufo ni da ita in tattara jakata.

Na tambaye ta ko za a iya yi mini kafin biki. Ta ƙirga da yatsu. Fata tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ta sabunta kanta, aikin tabo kuma ba zama ɗaya ba ne, ana yinsa sau da yawa da tazarar makonni. Kwana 23 bai isa ko zagaye ɗaya ya nuna kansa ba. Balle fatata a halin da take ciki. Ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen yawanci akwai maganin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wanda shi ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, wani lokacin da sinadarin bilicin haidirokwinon fiye da kashi 2 cikin ɗari da hukumar NAFDAC ta ƙayyade wa kayan shafa. Hannu ɗaya Hajiya ta sa ta gano abin da likita ta tabbatar da fitila da gilashin ƙara girma. Har da kalmar takarda ita ma ta faɗa.

Na ɗauka za ta kushe dilka, ba ta yi ba. Ta ce a jiki babu laifi in an gwada a damtse an ga bai yi ƙaiƙayi ba, kwanuka masu tsabta, kuma in tabbatar ba a zuba man bilicin a cikin kwaɓin ba, don wasu masu gyaran jiki suna yi a ɓoye saboda amarya ta fito da haske a gani a yaba. Lemon tsami kuma kada ya kusanci fuskata. Ta rubuta mini yadda zan janye daga haɗin a hankali, da sabulu mai laushi, da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Na yi dariya na ce baƙar fata da man rana? Ta ce duk fitar da nake yi zuwa tashar mota da tsakar rana, tabon nake ciyarwa.

Kuɗin zaman lesa ɗaya da na gani a takardarsu ya haura na satin Hajiya gaba ɗaya har da turare. Yaya ta karanta, ta ninke takardar a hankali ta sa a jaka kamar wasiƙar kotu.

Gaskiya raina ya so injin nan. Akwai wani abu a kwanciya a farin gado ana yi maka aiki da na'ura da ke sa mutum ya ji matsalarsa ta zo hannun masana. Amma da na tuna amaren nan biyu na safe, da Hajiya tana murza tana ba su labarin zaman gidan miji, sai na ji ba na son a kai ni ɗaki ban yi wannan satin ba. Lesa tana nan, in fatar ta murmure bayan watanni zan koma a duba.

A mota na kira Hajiya na yi mata tambayar likita, ina jin nauyi. Ta ce, "Ki zo da Yayarki a kwaɓa a gabanku, 'yata." Na tura wa angon saƙo cewa tabon kumatuna zai halarci biki. Ya amsa da "Wane tabo?" Shekara biyu yana zuwa zance.

Mun shigo gida bayan isha'i. Na roƙi Yaya a hanya kada ta gaya wa Umma, ta yi alkawari. Ina cire takalmi Umma ta miƙo mini farar robar daga bayan durowata, a ƙulle a leda.

"Tun azumi na sani," in ji ta. "Gaɓoɓin yatsunki ne suka tona ki. Wuce ki ci tuwo."