Ranar da Inna ta ci lalo a Alƙahira

Laraba, bayan isha'i.

Yau kwananmu goma sha ɗaya a Masar, kwana huɗu ke nan da aka sallamo Inna daga asibiti bayan aikin gwiwa. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, har tana takawa da sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu daga ɗaki zuwa banɗaki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cin abincinta. Garin kunun da muka taho da shi daga Gumel ya ƙare tun ranar Lahadi, tun daga nan kuma sai ruwan shayi da ɓallin burodi. Likita ya ce magungunan nan ba a shan su da cikin wofi. Duk abin da ƙanwata ta ajiye mata a gaba sai ta dube shi, ta ce, "Ku ci, Allah ya yi muku albarka, ni na ƙoshi." Jiya da dare na ga zobenta yana yawo a yatsa, ban iya barci ba.

Shi ya sa da asuba na kira yaron nan, ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Azhar, na ce yau ba ni da wani aiki sai neman abin da Inna za ta ci. Ya ce, "Kawu, ka same ni a bakin titi, mu fara da abin da mutanen gari suke karyawa da shi."

A kusurwar layinmu a Madinat Nasr akwai wata amalanke mai fenti ja da kore, maza sun kewaye ta a tsaye, direbobi da leburori da wani mai kwat da jakar ofis, kafaɗa na gugar kafaɗa. A tsakiyarta an kafa wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai siririn wuya, an ɗan karkata ta. A ciki ful yake, wani wake mai faɗi da ya kwana yana dahuwa a kan wuta kaɗan-kaɗan. Mai sayarwa ya zura ludayi mai dogon hannu ya kwaso, ya zuba a ƙaramin kwano, ya murƙushe da bayan ludayin, ya tsiyaya mai, ya barbaɗa gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kammun, ya matsa lemun tsami, duk kafin na gama gyara tsayuwa. Ba cokali. Da burodi ake dangwala, wani fallen burodi mai dusa-dusa a jiki wanda suke kira aish baladi. Yaron ya ce kalmar aish rayuwa take nufi, kuma gwamnati ce ke tallafa wa farashinsa ga masu kati: ya shekara fiye da 30 a kan ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kwabonsu), sai a watan Yunin 2024 aka mai da shi 20. Muna tsaye wani matashi ya wuce a kan keke ɗauke da faifan burodi mai tsawon ƙofa a ka, hannu ɗaya a faifan ɗaya a kan keke, yana ratsa motoci.

Mutumin da ke gefena ya turo mini kwanon albasa da jiƙaƙƙen kayan lambu mai tsami, ya ce "itfaddal", wato bismillarmu ke nan. Na ci na ƙoshi. Sai na hango kasko a gefe, mai na tafasa, ana tsamo wani abu da matsami. Ƙosai! Su ta'amiyya suke ce masa. Da wancan waken mai faɗi ake yi, a niƙa shi da ganyaye, shi ya sa in ka ɓara cikinsa kore ne shar, bayansa kuma an yayyafa riɗi. Na sa aka ƙunshe mini guda shida a takarda, na haura sama da sauri tun suna da zafi. Inna ta ɓara ɗaya, ta juya shi, ta shinshina, ta ci rabi. Ta ce man ya yi mata nauyi. Rabin nan ma na gode wa Allah.

Muka hau mota zuwa tsohon gari. Mun yi azahar a masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, kuma a can baya ɗaliban Barno suna da ɓangarensu na kwana a cikinsa. Na daɗe a zaune a tsakar masallacin ina yi wa Inna addu'a.

Daga nan yaron ya ja ni shagon koshari. Tun daga waje kake jin ƙarar ludayi a kan tukwane, kamar maƙera. Shinkafa, makaroni, gutsattsarin taliya, miyar tumatur, soyayyiyar albasa a sama har ta yi ƙaras-ƙaras, a kan tebur kuma kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa mai tsami, ɗaya man barkono. Ɗan'uwan garau-garau ne, abincin mai ƙaramin ƙarfi da ke riƙe ciki har dare. Na tsinci wasu ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa, faɗi-faɗi kamar maɓallin riga, na tambayi sunansu. Ya ce adas. Na ajiye cokali. Tun ina makarantar allo nake karanta kalmar nan a Baƙara, aya ta 61, inda Bani Isra'ila suka gaji da abinci iri ɗaya suka roƙi Annabi Musa kayan lambu da adas da albasa, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai yau, ga shi kuma tare da albasar a faranti ɗaya, a ƙasar da suka baro. Na ɗebi ƙwaya biyu na daɗe ina kallo a tafin hannuna. Koshari ya yi mini daɗi, amma na san ba na Inna ba ne. Ba ta son abinci a cakuɗe.

Abin da ya ɓata mini rai a yau ya faru ne a wani wurin shan shayi kusa da kasuwar Khan Khalili. Rana ta yi zafi, muka zauna, na ga ana wucewa da wani jan abin sha mai sanyi. Karkade. Kurɓa ɗaya na gane zoɓo ne, ba citta ba kanumfari, zallarsa da sukari. Marigayi Baba a gefen gona yake shuka shi, yanzu kuwa tirela-tirela ake lodinsa daga Maigatari ana kai wa har Meziko. Ina cikin wannan tunani aka kawo takardar kuɗi. An sa kashi 12 cikin ɗari na hidima da kashi 14 na haraji, wannan na ji haka tsarin yake a manyan wurare. Amma an lissafa har da ruwan kwalba biyu da ba mu nema ba, ba mu kuma buɗe ba, da ɗan farantin gyaɗa da aka ajiye mana ba tare da an ce uffan ba. Yaron ya yi musu magana da Larabcinsu na kasuwa, aka cire ruwan, aka bar gyaɗar. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, ko da yake kowane fam da ke aljihuna sai da ya bi ta naira ya bi ta dala kafin ya iso, kuma kuɗin magani ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a dubi hularka a yanke cewa ba za ka duba lissafi ba. Ga mai amalanken safe, wanda ya fi su buƙata, har canjin ƙarfe ya ƙirga mini a hannu. Daga yau ba zan zauna ko'ina ba sai na ce "bikam?", wato nawa ne, tukuna.

Muna ratsa wani lungu a bayan Azhar, inda mata ke kasa kayan miya, na ga wata dattijuwa a zaune da tire a cinya, tana riƙe da wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai mariƙi biyu, tana jujjuya ta dama da hagu a kan tulin ganye har ya yi laushi. Na tsaya. Ganyen dogo ne, bakinsa zarto-zarto, a gindinsa ga wasu 'yan gashi biyu kamar gemun akuya. Gabana ya faɗi, amma ban yarda da idona ba. Yaron ya ce mulukhiyya ce, miyar da Misirawa suke ji da ita, har ana ba da labarin wani sarkinsu na daular Faɗimiyya, Alhakim, ya taɓa haramta cinta. Na sayi dami ɗaya ɗanye, na ce ya kai ni inda ake dafawa.

Ɗan ƙaramin gidan abinci ne mai tebur huɗu, ana hango murhu daga inda kake zaune. Na kalli yadda mai girkin ya yi: romon kaza na tafasa, ya zuba yankakken ganyen ya rage wuta, a wani kasko kuma ya soya dakakkiyar tafarnuwa da wani ƙamshi a man shanu har ta yi ja, sannan ya juye a tukunyar, ta yi "caaa", ƙamshi ya cika lungun. Ya ɗaga ludayi, miyar ta biyo shi tana yauƙi. Na sa aka zuba mini a roba mai murfi, da rabin kaza, muka kamo hanya. Cunkoson titin Salah Salim ya riƙe mu kusan awa guda, robar tana ƙona mini cinya, ban sauke ta ba.

Na tarar da Inna a kishingiɗe tana jan carbi. Ban ce komai ba, na miƙa mata damin ganyen. Ta tsinki ɗaya, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci. Sai ta tashi zaune da kanta, abin da tun aikin nan sai an tallafe ta.

"Kai, ina ka samo lalo?"

"A kasuwa, Inna. Nan ma suna ci. Ga shi har an dafa."

"Ikon Allah. Lalon da ke fitowa a bayan gida ba mai shuka shi?"

Ta buɗe robar, ta ɗanɗana da yatsa, ta yi shiru. Ta ce tafarnuwa ta yi yawa, ba daddawa, kuma da sun sa 'yar kanwa da ya fi haka yauƙi. Sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, tuƙa mini tuwo." Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ashe kamar don tuwo aka yi ta, cikin rabin awa ga malmala biyu a faranti. Inna ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta gutsura, ta dangwala, ta murɗa hannu ta yanke yauƙin yadda take yi a gida. Na koma bakin taga na juya baya don kada ta ga ina ƙirga lomarta. Ta cinye malmala ɗaya da rabi, da cinyar kaza, ta sha magani ba tare da an roƙe ta ba. Ƙanwata ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ya yi ja.

Bayan magariba na fita sayo bandeji, na miƙe har Hayyul Ashir, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. Wani hayaƙi ya bugi hancina, hayaƙin da ko a mafarki na san shi: nama da ƙuli-ƙuli a kan garwashi. Wani dogon mutum da farar jallabiyya yana jera tsinkaye a kan waya, a saman rumfarsa an rubuta agashe da Larabci. Na yi sallama, ya amsa, ya dubi hulata, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Daga Kano?" Na kusa sakin ledar hannuna.

Bahaushen Sudan ne. Hausarsa tana da nauyin Larabci, wasu kalmomin kuma irin na kakanni ne da mu mun daina ji. Ya ce kakan kakansa ya baro ƙasar Hausa a ƙasa zai tafi Makka, cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Shi a Umdurman ya girma, a can yake da rumfa har yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya kwaso iyalinsa suka yo arewa. Bai taɓa taka Najeriya ba. Na tambaye shi ko ya san ma'anar sunan abin da yake sayarwa, ya yi dariya ya ce, "A gashe mana! Duk Sudan sun san namu ne." Ya yanka mini tsinke uku a kan takarda, da albasa da lemun tsami, ya barbaɗa yaji. Tsire ne, ba ragi ba ƙari, sai dai an fi fiɗe naman da faɗi. Na ci a tsaye ina jin labarin gidansa da ya bari a kulle, da maƙwabtan da har yau bai san inda suke ba. Bai ɗaga murya ba, yana magana yana juya nama.

Da na ba shi labarin Inna, ya ajiye wuƙa. Ya ce matarsa tana tuƙa asida da garin dawa, kuma suna da busasshiyar kuɓewa, su weka suke ce mata. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya ce na tsiren zai karɓa, na Hajiya kuwa kada in ƙara tayar da maganar. Ya ƙulla mini yaji a leda, ya ce in zo gobe bayan azahar da kula.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Inna ta yi barci tun tara. Kafin ta kwanta ta sa ƙanwata ta tsinke sauran lalon ta shanya a kan tire a baranda, ta ce gobe ita za ta nuna mata yadda ake kaɗa shi, in kuma zan je wurin mutumin nan in tambaye shi ko ana samun daddawa a garin, in kuma gaishe mata da matarsa.