Godiya ga mutanen garinmu: kwano ya koma kan ajujuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya muka rufe zangon karatu na uku, muka raba wa yara sakamako a gindin darbejiyar tsakar makaranta. Da la'asar, bayan kowa ya watse, na bi ajujuwa ina kullewa, da na zo aji huɗu sai na tsaya na ɗaga kai ina kallon rufi. Wata biyu da suka wuce, a daidai inda na tsaya ɗin nan, sararin samaniya ake gani. A wurin taro na so in yi godiya yadda ya kamata, amma lasifikar da muka aro ta yi ta shaƙewa, rabin maganata iska ce ta ji. To, yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ce ba zan tafi hutu ba sai na rubuta.

'Yan garinmu mazauna Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal, da yawanku hoto kawai kuka gani a waya, bari in ba ku labarin daga tushe. A daren wata Talata cikin watan Mayu hadari ya haɗo daga gabas bayan isha'i. Kafin ruwa ya sauko iska ta riga shi, irin ta farkon damina mai tafe da jar ƙura. Ta yaye rufin dogon gininmu, aji uku da huɗu da biyar da ofishina, ta ɗauke kwano da katako ta watsar a gonakin bayan makaranta. Wasu fallayen sai kusa da maƙabarta aka tsinto su. Allah Ya taƙaita, da dare ne. Da a ce da hantsi abin ya faru, da yanzu wani labarin ake yi.

Ginin nan ya kwana biyu. Tun zamanin UPE aka yi shi, shirin nan na ilimin firamare kyauta da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. Wasu daga cikin dattawan da ke zama a ƙofar masallaci yau, a cikinsa suka koyi ba be bi bo bu. Amma ba zan ɗora wa tsufan gini laifin duka ba. Tun bara na ga gara ta ci katako a kusurwar aji huɗu, kuma akwai wani falle da ke ta ƙara duk sanda iska ta kaɗa. Sau biyu Baba maigadi yana yi mini magana. Na ce a bari sai an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce. Wannan sakacina ne, na faɗa a gaban kwamiti, ina kuma sake faɗa a nan.

Da Baba maigadin zan fara godiya. Cikin daren nan, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauki tocila ya shiga ofis ɗin da ba rufi, ya ciro babbar rajistar shiga makaranta, ya naɗe ta a buhun taki, ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado. Wanda bai san aikin makaranta ba zai ɗauka tsohon littafi ne kawai. A cikinta sunan duk wanda ya taɓa shiga makarantar nan yake, da sunan uba da shekarar shiga. Mutum ya ɓatar da takardar shaidar kammala firamare, aka neme ta wajen ɗaukar aiki ko shiga soja, ita muke buɗewa mu tabbatar. Da asuba na zo na tarar da shi yana shanya littattafan yara a kan katanga. Ya ce, "Malam, waɗannan dai sun sha ruwa, amma babbar tana wurina." Na ce, "Haba Baba, da katako ya faɗo maka fa?" Ya ce, "Sunan 'ya'yana uku na ciki, Malam, har da wanda ya rasu." Ban iya ce masa komai ba. Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan wanda ya riga mu.

Mun kai rahoto inda ya kamata tun ranar Laraba. An zo an duba, an ɗauki hotuna, an ce mu yi haƙuri a sa mu cikin lissafi. Ba na zargin kowa, na san ba mu kaɗai iska ta taɓa ba a wannan daren. Sai dai damina ba ta jiran takarda, kuma bangon da ba rufi in ya sha ruwan Agusta, ba gyaran kwano za a yi ba, sabon gini za a nema.

Saboda haka kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya zauna a zauren Dagaci. Wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya kawo shawarar a yanka wa kowane yaro kuɗi, wanda bai kawo ba a maido shi gida. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta ce karatu a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ne, har ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta. Ko ba doka ma, na san gidajen garin nan. Akwai mai 'ya'ya shida a wurinmu, ga shi lokacin shuka, kuɗin taki ma ya gagara. Ka kori yaro ranar Litinin saboda kuɗi, Talata yana gona, kuma sai kaka ka sake ganinsa, in ma ka gan shi. Dagaci ya yi shiru, sannan ya ce to kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, mai kuɗi kuɗi, mai ƙarfi ƙarfi, kada a rubuta sunan wanda bai kawo ba. Shi ya fara ajiye nasa a kan buzu. Ranka ya daɗe, mun gode, Allah Ya ja zamaninka.

Liman kuwa, Allah gafarta Malam, dabararsa har yau tana ba ni dariya. Da muka tattara kwanon da iska ta watsar, mun ga lissafi bai cika ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, sai ya ce ya samu labarin akwai bayin Allah da suka tsinci kwanon makaranta suka adana mana don kada ɓarayi su ɗauke, to Allah Ya yi musu albarka, yanzu an shirya aiki, suna iya dawo da shi. Asabar da safe muka tarar da falle goma sha ɗaya a jingine da katanga. Masu adanawa, mun gode, ba mu tambayi suna ba kuma ba za mu tambaya ba.

Mako biyar muka yi ba ajujuwa uku. Malaman Islamiyyar unguwar gabas suka ba mu ɗakuna biyu da safe, tunda su sai yamma suke karatu, ba su nemi ko sisi ba, sharaɗinsu kawai a share kafin a tashi. 'Yan aji uku suka koma gindin bishiya. Malamarsu ta jingina allo da kututture, tana koyarwa tana korar awaki, in hadari ya taso a kwashi tabarmi a ruga baranda. Ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba, ga goyo. 'Yan aji shida ba mu taɓa su ba saboda jarrabawar shiga sakandare da ke gabansu. Abokan aikina, ni na san abin da ake biyanku da ranar da yake zuwa, don haka godiyata gare ku ba ta baki ba ce kawai.

Yanzu bari in zo kan iyayenmu mata, domin a taron jiya maza ne suka cika kujerun gaba, su suna can baya a tsaye. Ƙungiyar iyaye mata tana da adashe na mako-mako. Wadda ɗauka ta zo kanta a makon ta ce a ba makaranta, ita ta koma ƙarshen layi. Kuɗin nan da su aka sayi ƙusa da langalanga gaba ɗaya. Masu sayar wa yara abinci in an tashi tara, mai ɗanwake da mai awara da mai dafa-duka, su ma cinikinsu ya faɗi a makonnin nan tunda an raba yara wuri uku, amma su suka ciyar da ma'aikata ranar gayya, da garinsu da mansu da itacensu. Sai wata Iya daga rugar da ke arewa da gari, jikokinta biyu suna aji biyu. Ta zo ofis da ƙwarya a lulluɓe da faifai, ta ajiye a kan teburina, na buɗe na ga ƙwan zabi. Ta ce, "Ɗana, ni ba ni da kuɗi, a sayar a ƙara." Malamai muka saye a tsakaninmu, muka ninka farashin ba tare da mun faɗa mata ba, ma'aji ya rubuta a littafi kamar na kowa.

Tsofaffin ɗalibai da ke birane sun buɗe zaure a WhatsApp, cikin kwana goma suka haɗa abin da ya sayi kwano bandir shida, kowane bandir falle 20. A Ƙofar Ruwa aka sayo kwanon, katako kuma a 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Ɗan garinmu mai motar ɗaukar kaya ya kawo su har ƙofar makaranta, kuɗin mai kawai ya karɓa, shi ma da ƙyar. Duk wanda ya ɗauki hayar mota daga Kano tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san abin da ya yafe mana.

Kafintanmu ya koya mini abin da ban sani ba. Ni na ɗauka tsohon kwanon ya tashi aiki. Ya ɗauki falle ɗaya tsoho da ɗaya sabo ya ce in ɗaga in ji. Tsohon ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce irin wannan kaurin yanzu sai mai hali. Ya zauna da yaransa kwana biyu suna miƙar da waɗanda suka lanƙwashe da guduma a kan gungume, suna toshe tsofaffin ramukan ƙusa da kwalta. Sabon katako ya sa aka shafe shi da baƙin mai saboda gara, sannan ya ɗaure shi da langalanga a jikin bango. Ya nuna mini cewa a da ɗora shi kawai aka yi a kan ginin, shi ya sa iska ta ɗauke rufin ɗungurungum kamar hula. Da muka zo maganar lada ya ce a sallami yaransa, shi nasa ya bar wa makarantar da ta koya masa lissafin awo.

Ranar gayya Asabar ce, tsakiyar noman farko, ranar da kowane saurayi ke da aiki a gonar gidansu. Duk da haka 'yan ƙungiyar ƙwallon gari suka zo da sassafe, wasu a sama suna karɓa, wasu a ƙasa suna miƙawa. Dagaci da ya zo dubawa ya ce kullum ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yau ga jinkar ga hannuwan. Kwano ya yanki ɗaya daga cikinsu a tafin hannu, ma'aikacin lafiyar garinmu ya bar abin da yake yi ya zo ya wanke ya ɗaure, ya yi masa allurar tetanus. Ya warke, jiya ma shi ya jera kujeru.

Abin da ya fi damuna bayan aiki shi ne ƙusa. Tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa sun warwatsu cikin yashi, yaranmu kuwa da yawa ba takalmi suke wasa. Muna tunanin yadda za a yi, sai ga wani ɗan aji biyar da mayen ƙarfe da ya ciro daga matacciyar lasifikar rediyon babansa, ya ɗaura masa igiya yana ja a ƙasa kamar mota. Duk inda ya bi sai ƙusa ta manne. Kafin azahar ya cika gwangwanin madara uku. Yaron nan a jarrabawa yana can wajen na talatin, kuma ni kaina na sha yi masa faɗa a kan kwance-kwancen kayan mutane. Jiya mun ba shi kyauta ta musamman, jaka da takalmi, uwarsa ta yi ta guɗa.

Af, wani abu daga taron jiya. Da yara suka tashi rera taken ƙasa, wanda aka dawo da shi a 2024 bayan an ajiye shi tun 1978, sai na ji murya daga kujerun dattawa. 'Yan UPE ne, shi suka fara koya a wannan fili, kuma sun fi yaran riƙe baitocin.

Aiki bai ƙare ba. Ba a yi silin ba, don haka in rana ta take ajin ya yi zafi, in ruwa ya sauko malami sai ya yi ihu. Tagogi huɗu na aji biyar babu, bencina da yawa sun karye, yara na zaune a tabarma. Takardar da muka rubuta tana nan inda muka kai ta, ba mu janye ba, domin gayyar da gari ya yi ba ta sauke wa hukuma nauyinta ba, kuma zan ci gaba da zuwa ina tunatarwa. Lissafin duk abin da ya shigo da abin da aka kashe an manna shi a ƙofar ofis da sa hannun ma'aji da shugaban kwamiti. 'Yan nesa, an tura muku hotonsa a zaure. Ɗan abin da ya rage kwamiti ya yanke a fara tagogi da shi kafin a dawo hutu a Satumba.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah Ya san shi. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana yaran nan.

Sannan akwai tsani guda na katako, da babbar tukunyar ƙarfe, da guduma mai jan ƙota da aka bari tun ranar gayya. Suna ɗakin Baba maigadi, masu su su zo su karɓa.

Naku,
Hedimasta