Saƙon Godiya Bayan Girgizar Ƙasar Noto

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga ranar da ruwan famfo ya dawo unguwarmu a birnin Nanao na yankin Noto, a ƙasar Japan. Sai yau na samu natsuwar da zan zauna in rubuta wannan, duk da cewa har yanzu gajiyar ba ta saki jiki ba, kuma ko babbar mota ce ta wuce ta girgiza taga sai gabana ya faɗi. Kun bi labarinmu tun daga yammacin 1 ga Janairun 2024 da girgizar ƙasa ta afka mana, don haka ba zan maimaita muku abin da kuka riga kuka sani ba.

Shekara biyu ina koyar da Turanci a makarantun firamare na jihar Ishikawa, ina ganin yara suna share azuzuwansu da hannunsu, suna cire takalma a bakin ƙofa, suna ɗaura farin kyalle su raba wa junansu abincin rana, kuma a raina ina ɗaukar duk wannan a matsayin tarbiyya mai kyau kawai. Atisayen girgizar ƙasa ma da ake yawan yi, inda kowane yaro zai shige ƙarƙashin teburinsa ya riƙe ƙafar teburin, ban taɓa ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Da misalin ƙarfe 4:10 na yamma, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 7.6 ta taso, ni da maiɗakina tsayawa muka yi a tsakar ɗaki muna salati, ƙafafunmu sun ƙi motsi. 'Yarmu da ke aji biyu ce ta ja rigata daga ƙarƙashin tebur tana cewa, "Abba, ku shigo, ku rufe kanku!" Ba mu gama shiga ba kabad ɗin kwanuka ya kife a daidai inda muke tsaye. Wannan hoton bai bar idona ba, kuma ina roƙon Allah ya saka wa malamar ajinsu da mafificin alheri.

Makarantar da nake koyarwa ita ce ta zama mafakarmu bayan an yi gargaɗin igiyar tsunami, kuma a zauren wasanninta muka kwana makonni, a tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara tana zuba a waje. Al'adarmu ce a bar mai alheri a ɓoye don kada a rage masa lada, amma ku yi mini afuwa, akwai waɗanda ba zan iya yin shiru a kansu ba. Na farkonsu shugaban makarantar ne, wanda shi ma gidansa ya tsage, amma da ya ga ina neman lungun da zan yi sallah, sai ya buɗe mana ɗakin ajiye kayan kiɗa, ya sa aka shimfiɗa kwali a ƙasa saboda sanyi, bai kuma taɓa tambayata dalili ba.

Sai kuma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai shekara tamanin da wani abu. A ranar da aka fara dafa abinci mai zafi, miya ce aka raba wadda aka sa wa naman alade, muka karɓi shinkafa kaɗai muka koma gefe ba tare da mun ce wa kowa komai ba. Ashe tana kallonmu. Washegari da safe ta turo jikanta, ɗalibina ne ɗan aji shida, da dunƙulen shinkafa guda shida a naɗe, ya durƙusa a gabana ya ce da Turancin da ni na koya masa gishiri ne kawai a ciki. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda suke yi, na kasa cewa komai, hawaye ya riga ni. Daga ranar har muka bar zauren ba ta fasa ba. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare mata zuriyarta, ya haskaka zuciyarta da hasken shiriya.

Ɗalibaina kuwa, su ne suka riƙa jido ruwa da bokiti daga tafkin koyon iyo na makaranta don wanke banɗaki, suna bin layi ba hayaniya, kamar dai lokacin sharar da suka saba ne ya yi. Ina gode wa sojojin Japan da suka kawo tankokin ruwan sha suka kafa wurin wanka, da 'yan'uwa Musulmi na Kanazawa da suka aiko mana da abincin halal a lokacin da hanyoyi suka tsattsage.

Daga gida, Hajiyarmu ba ta runtsa ba sai da ta ji muryata, Yayata ta tara yara aka yi saukar Alƙur'ani, Kawu kuma ya riƙa kira kullum ba tare da ya damu da tazarar awa takwas da ke tsakaninmu ba. Akwai kuma 'yan'uwa na jini waɗanda sun san lambata sarai a lokutan da suke da buƙata, amma har yau ko saƙon "yaya kuka ji da tsoro" ban gani ba. Na yi musu uzuri, Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Ya Allah, ka saka wa duk wanda ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a, ka yaye masa damuwarsa tun kafin ya faɗa. Ka ba mutanen Wajima da Suzu, waɗanda suka fi mu shan wahala nesa ba kusa ba, haƙurin rashin 'yan'uwansu da ƙarfin sake gina gidajensu. Ka kare 'ya'yanmu a duk ƙasar da neman halal ya kai iyayensu. A watan Afrilun nan na 2024 za a shiga sabuwar shekarar karatu, jikan tsohuwar nan zai wuce makarantar gaba da firamare, 'yarmu kuma za ta shiga aji uku da yardar Allah. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, domin ƙasar ba ta daina motsi ba tukuna.